Ɗigon Jini A Kan Takarda: Aikin Farfesa Abdoulaye Djimdé

Iyayenmu da tsofaffin malamanmu sun san zamanin da kulorokwin yake sarkin magungunan zazzaɓin cizon sauro. Ga araha, ga saurin aiki, in ban da ɗacinsa da ƙaiƙayin da yakan sa wa waɗansu. Amma yau in muka je ɗakin magani ba shi ake ba mu ba. Ina dalili? Maganin bai lalace ba, ƙwayar cutar ce ta sāke. A wannan ɗan rubutu za mu duba yadda hakan ya faru, da kuma aikin wani masani ɗan ƙasar Mali, Farfesa Abdoulaye Djimdé, wanda ya taimaka aka sami hanyar kama ƙwayar cutar tun kafin ta yi ɓarna.

Yadda Magani Yake Daina Aiki

Sauro ba shi ne cutar ba, ɗan aike ne kawai. Tamatar sauro ce takan sa mana wata ƙwayar cuta mai suna Plasmodium falciparum. Ƙwayar takan fara sauka a hanta, daga nan ta shiga jajayen ƙwayoyin jini tana cin abin da ke cikinsu. Cikin abincin nan akwai wani abu mai dafi, to, sai ta riƙa daskarar da shi a cikin ɗan tumbinta domin kada ya kashe ta. Aikin kulorokwin shi ne ya taru a tumbin nan ya hana ta daskarar da dafin, ta mutu da gubar abincinta.

Kamar kowane mai rai, ita ma tana da ƙwayoyin gado da take bar wa 'ya'yanta, sun kai 5,000 da ɗoriya. A jikin majiyyaci ɗaya akan sami miliyoyin ƙwayoyin cutar, kuma jefi-jefi akan sami wadda aka haifa da ɗan canji. In canjin nan ya sa ta jure magani, sai 'yan'uwanta su mutu ita ta rage, sauro ya kwashe ta ya kai gaba. Mu da muka tashi a gona mun san wannan. Manomin da ya riƙa ware iri daga geron da ya jure fari, a kwana a tashi gonarsa duka mai jure fari za ta zama. Haka muka yi wa ƙwayar cutar nan ba da saninmu ba.

An fara ganin wannan turjiya wajen ƙarshen shekarun 1950 a kan iyakar Tailan da Kambodiya, da kuma Kolombiya. Ta iso Afirka ta Gabas a 1978, kafin ƙarshen shekarun 1980 kuwa ta game nahiyar, mutuwar yara ta ƙaru. A shekarar 2000 ne Dokta Thomas Wellems da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana ƙwayar gadon da ke da laifin, aka sa mata suna pfcrt. Ita ce ke gina wata 'yar kafa a bangon tumbin ƙwayar cutar. In ta canza, sai kafar ta riƙa zubar da maganin waje kafin ya yi aiki.

Daga Kantin Magani Zuwa Ɗakin Bincike

Abdoulaye Djimdé ya gama karatun haɗa magunguna a Bamako a 1988, ya buɗe kantin maganinsa. Da ya so, da nan ya tsaya yana cin abincinsa. Amma sai ya fara ba da lokacinsa kyauta a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Maleriya ta Bamako, a ƙarƙashin Farfesa Ogobara Doumbo, wanda ya rasu a 2018. Daga nan ya tafi Jami'ar Maryland a Amurka, ya sami digirin digirgir a 2001.

Tambayar da ke gabansa ita ce, shin abin da aka gani a ɗakin gwaje-gwaje na Amurka, haka yake a jikin majiyyata a Mali? Shi da abokan aikinsa suka ba masu zazzaɓi kulorokwin, suka bi su suna duba jininsu. Kafin a ba da magani, kashi 41 cikin 100 na jinin da aka gwada ne ke ɗauke da canjin. Amma cikin mutum 60 da cutar ta ƙi barinsu ko ta komo bayan sun sha magani, an same shi a jikin dukansu, ba a rasa ko ɗaya ba. An buga wannan sakamako a 2001.

Mene ne amfaninsa? A da, kafin a tabbatar magani ya daina aiki a wani yanki, sai an ba majiyyata an zuba musu ido har mako biyu ko fiye, waɗansu kuwa suna shan wuya a lokacin. Yanzu sai a huda yatsa, a ɗiga jini a kan 'yar takarda, ya bushe, a aika da shi ɗakin gwaje-gwaje ba tare da firiji ba. Alal misali, lokacin wata annobar zazzaɓi a arewacin Mali, inda tashin hankali ya hana a yi gwaji irin na da, an yi amfani da wannan hanya aka ga kashi 80 cikin 100 suna da canjin. Nan da nan aka bar kulorokwin aka koma wani magani.

Abin koyi a nan shi ne, Djimdé bai zauna a Amurka ba. Ya koma Bamako ya shugabanci sashen binciken turjiyar magani, ya jagoranci gwajin sababbin magunguna a Afirka ta Yamma, ya kuma horar da matasan masana daga ƙasashe da dama. A 2025 ƙasar Japan ta ba shi lambar yabo ta Hideyo Noguchi.

Yaƙin Bai Ƙare Ba

Nijeriya ta bar kulorokwin a 2005 ta koma gamayyar magunguna masu sinadarin atemisinin, irin su Coartem. To, shi ma ƙwayar cutar ta fara gwada shi. An ga alamar haka a yammacin Kambodiya a 2008, aka gano ƙwayar gadon da ke jawo shi a 2014, sa'an nan aka ba da labarin ɓullarsa a Ruwanda a 2020 da Yuganda a 2021. Wannan ya shafe mu ƙwarai, gama Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 597,000 ne zazzaɓin ya kashe a 2023, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya a Nijeriya suke.

Duk da haka ba a fid da zuciya ba. Malawi ta janye kulorokwin a 1993, kuma bayan shekara goma sha biyu da aka sake gwada shi, sai ga shi yana warkar da kusan kowa. Watau halin da ƙwayar cutar za ta ɗauka yana da nasaba da yadda mutane suke riƙon magani.

Namu Rabon

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, in jiki ya yi zafi mu je a gwada jini tukuna, gama ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. In an ba mu magani mu shanye shi duka na kwana uku, ko da mun ji sauƙi tun rana ta farko. Kada mu rage mu ɓoye a akwati, kada kuma mu raba da abokin ɗaki da sunan tausayi. Mu guji maganin 'yan talla, mu kwana cikin gidan sauro. Iyayenmu a ikkilisiya su ma mu tuna musu da wannan lokacin hutu.

Ku kuma da kuke ajin kimiyya, ku tuna mutumin nan daga bayan kanta ya fara. Ubangiji da ya ba mu hankali ya ba mu ne domin mu yi wa maƙwabtanmu hidima da shi. Allah ya tā da masu irin wannan aiki daga cikinmu, amin.