Allon Magana: Yadda Yaro Ke Haɗa Kalma Da Kalma

Akwai yara waɗanda suna ji, suna ganewa, amma baki ya ƙi fitar da magana. Waɗansu tun haihuwa suka sami rauni a ƙwaƙwalwa, harshe ba ya bin umurninsu. Mukan ji ana cewa ba su da hankali. Ba haka ba ne, hanya ce suka rasa.

A shekarar 1971, a wata cibiyar yara naƙasassu ta birnin Toranto, ƙasar Kanada, malama Shirley McNaughton da abokan aikinta suka jera alamun da Charles Bliss ya ƙago bisa allo. Yaran suka shiga nuna alamun, suna faɗin abin da ke zuciyarsu. Yau har akwai na'urori masu furta kalmar da yaro ya taɓa.

To, amma ga inda wahalar take. Yaro mai baki yakan soma haɗa kalma biyu tsakanin wata 18 da 24, ya ce, "Inna, ruwa." Mai allo kuwa yakan daɗe yana nuna hoto ɗaya tak. Me ya sa?

Na fari, sau da yawa mukan cika allon da sunayen abubuwa kaɗai: tuwo, ƙwarya, akuya. Da waɗannan ba a gina jimla. Sai an sa kalmomin aiki da 'yan ƙananan kalmomi, watau "ina so", "ba ni", "tafi", "ƙara", "a'a".

Na biyu, yaro mai baki yana jin maganar manya tun safe har dare. Mai allo fa, wa yake gani yana magana da allo? Don haka mu ma sai mu riƙa nunawa muna faɗi. Idan ya nuna "kunu", uwa ta nuna "ƙara" da "kunu", ta ce, "Ashe, a ƙara kunu!" Ta ɗara shi da kalma ɗaya kawai, kuma ta jira, kada ta amsa a madadinsa.

Kada mu ji tsoro ko allo zai hana shi magana. Masu bincike sun ga ba ya hanawa, wani yaron ma taimakonsa yake yi.

Ba sai da na'ura mai tsada ba. Kwali da zane sun isa a fara. Sai dai kowane hoto ya zauna wurinsa kullum, allon kuma ya bi yaron har gona da rijiya. Da rarrafe yaro kan tashi.