Idan Awo Ya Nuna Ɗan da Ke Ciki Yana da Lalurar Down

Yawancin ikilisiyoyinmu sun saba da neman gwajin jini kafin a ɗaura aure, saboda sikila. Yanzu kuma akwai gwajin da ake yi wa ɗa tun yana ciki, ya kamata mu san shi kafin ya iso gidajenmu.

A bisa al'ada, ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da igiyoyin gado 46, wato biyu-biyu har 23. Wani lokaci ta 21 takan zo uku, su zama 47. Wannan ce lalurar Down, wadda wasu ke kira galahanga. Ta samu sunanta daga likitan Ingila John Langdon Down, wanda ya bayyana ta a 1866. Yaron yakan yi jinkirin tafiya, magana da koyo, kusan rabinsu kuma ana haifarsu da matsalar zuciya. An fi samunta idan shekarun uwa sun ja, amma yarinya ma takan haifi irinsa. Ba maita ba ce, ba kuwa ɗan ruwa ba ne.

Tsakanin mako 11 zuwa 14 ana ɗaukar hoton ciki a auna ruwan da ke bayan wuyan ɗan. Akwai kuma gwajin jinin uwa daga mako 10. Waɗannan biyun yiwuwa kawai suke nunawa. Ana iya samun tabbaci idan an ɗebi ruwan mahaifa da allura, daga mako 15, wannan kuwa yana da ɗan haɗarin ɓari.

Gwajin ba zunubi ba ne. Abin tambaya shi ne me za a yi da sakamakon. A ƙasashe irin su Denmak da Aisland, yawancin cikin da aka tabbatar yana da lalurar zubarwa ake yi. Kafin mu nuna musu yatsa, mu duba gida: yara nawa muka ɓoye a ɗaka ranar Lahadi? Nawa muka kira dolo ko wawa? Uwaye nawa dangin miji suka ɗora wa laifi?

A Yohanna sura 9, almajirai sun tambayi Yesu zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho. Ubangiji ya wanke mutumin da iyayensa, ya nuna aikin Allah ne zai bayyana a kansa. Farawa sura 1 kuma ba ta ɗora siffar Allah a kan kaifin ƙwaƙwalwa ba.

Saboda haka, idan sakamako ya zo, mu yi amfani da shi wajen shiri: a haihu a asibitin da za a duba zuciyar jariri, a fara koya masa da wuri. Fasto ya ziyarci gidan, zumuntar mata ta riƙe uwar, makarantar Lahadi ta ajiye masa kujera. Na'ura tana iya ƙirga igiyoyin gado, amma darajar yaron Mahaliccinsa ya riga ya yanke ta.