Masaukin Baƙi a Gonakin Ingila: Kwana da Karin Kumallo

Gabatarwa

A ƙauyukan Ingila akwai wata al'ada da ta daɗe, watau manomi ya ware ɗaki biyu ko uku a cikin gidansa na gona, ya riƙa saukar da matafiya. Abin da baƙo ke biyan kuɗinsa shi ne makwanci da karin kumallo kurum. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda irin wannan masauki yake, da dangantakarsa da kiyaye tsuntsaye da ƙananan namun daji.

Asalin Al'amarin

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, hukuma ta ƙarfafa wa manoma gwiwar yawaita amfanin gona. Aka tuge shingaye masu yawa don faɗaɗa gonaki, aka yawaita takin zamani da maganin ƙwari. Hatsi ya ƙaru, amma tsuntsayen gona suka ragu da fiye da rabi daga 1970 zuwa yau. Ganin haka, a 1987 aka fara biyan manoman wasu yankuna don su yi noma ba tare da ɓata muhalli ba. Kafin nan, a 1983, manoma masu saukar baƙi sun kafa ƙungiyarsu, wadda daga baya aka sa mata suna Farm Stay UK.

Yadda Ake Zama

Galibi uwargida ce ke kula da masaukin. Da safe takan kawo shayi da burodi da ƙwai da tumatir da wake, sau da yawa har da naman alade. Wanda ba ya ci sai ya faɗa tun da wuri. Da yake gonar wurin aiki ce, akwai ƙa'idodi. Baƙo zai bar kowace ƙofar shinge yadda ya same ta, ya bi turbar da aka nuna masa, ya kuma ɗaure karensa, musamman a watannin Maris da Afrilu, lokacin haihuwar tumaki.

Abin da ke jawo baƙi shi ne abin da manomin ya bar wa dabbobin dawa. Ba ya sassabe shinge daga farkon Maris zuwa ƙarshen Agusta, don tsuntsaye na sheƙa a ciki, bushiya ma a gindinsa take fakewa. Yakan bar gefen gona ga furanni saboda ƙudan zuma, ya kafa wa mujiya akwati a rumbu, ita kuwa ta rage masa ɓeraye. A tsakiyar alkama yakan bar 'yan filaye ba shuka, inda wani ɗan tsuntsu mai sheƙa a ƙasa, wanda Turawa ke kira skylark, ke sauka ya yi kiwo.

Riba da Haɗari

Duk taƙin da aka bar wa tsuntsu, hatsinsa ya tafi. To, kuɗin baƙi na cikin abin da ke cike wannan giɓi. Amma fa dogaro da baƙi yana da nasa haɗari. A 2001 cutar boru, watau ciwon baki da kofato, ta ɓarke a Birtaniya. Aka hallaka dabbobi fiye da miliyan 6, aka rufe turbobin karkara, baƙi suka ɗauke ƙafa. Manomi da yawa ya rasa garke da kuɗin masauki a shekara guda.

Kammalawa

A taƙaice, wannan tsari ya ɗaure abu uku wuri ɗaya: manomi da baƙo da tsuntsu. Baƙo na zuwa ne don tsuntsu, tsuntsu na zama ne don manomi ya bar masa wuri, manomi kuwa ba zai iya barin wurin ba sai in abin da baƙo ya biya ya kai ya riƙe gida.