Likita, ka faɗa mata kuwa?

A 1957 kotu a Landan ta saurari ƙarar John Bolam, wanda aka yi wa maganin taɓin hankali da wutar lantarki a asibitin Friern. Ba a ba shi allurar sassauta tsoka ba, jikinsa ya fizge har ƙashin ƙugunsa ya karye. Ya sha kaye. Mai shari'a McNair ya ce babu sakaci muddin akwai gungun ƙwararrun likitoci da ke ganin abin da aka yi daidai ne. Shekara arba'in likitoci suna fakewa a wannan inuwa, sai a shari'ar Bolitho ta 1997 aka ce ra'ayin ƙwararrun ma dole hankali ya kama shi.

Shari'ar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Nadine Montgomery a Sikotlan. Mace ce 'yar ƙarama mai ciwon suga, jaririn cikinta kuwa ƙato. Likitarta ta san haɗarin kafaɗarsa ta maƙale wajen haihuwa ya kai kashi 9 zuwa 10 cikin ɗari, amma ta ja bakinta ta yi shiru, don a ganinta in aka faɗa wa mata haka, yawancinsu tiyata za su zaɓa. A 1999 kafaɗar ta maƙale, iska ta yanke wa yaron, ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Kotun Ƙolin Birtaniya ta ba uwar gaskiya a 2015, da diyyar fam miliyan 5.25. Ta ce wajibi ne likita ya bayyana duk haɗarin da majinyaci zai ɗauka da muhimmanci, da sauran hanyoyin magani, sannan ya bar masa zaɓi.

Kotun Ƙolin Najeriya ta taɓo wannan tun 2001, a shari'ar Dokta Okonkwo, inda wata Mashaidiyar Jehobah ta ƙi ƙarin jini ta rasu. Aka wanke likitan, domin baligi mai hankali na da ikon ƙin magani.

Abin da ke damuna shi ne yadda takardar amincewa ke tafiya a asibitocinmu. Ana tura mai naƙuda a gadon tiyata, a kira mijin a baranda, a nuna masa layi a ce, "Malam, sa hannu a nan." Takardar da Turanci take. Ita mai cikin, ko tana cikin hayyacinta, sau da yawa ba wanda ya sunkuya ya yi mata bayani da Hausa.