Teyatur: an yi shi da Hausa, an rubuta tarihinsa da Turanci

A zamanin mulkin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya sun yi tashe da wasan kwaikwayo, wato teyatur. Ana fara gasa daga ƙananan garuruwa har zuwa bikin matasa na ƙasa. Sai dai galibin ƴan wasan ba sa rubuta zancensu: a tsara labari da baki, kowa ya hau dandali ya zuba nasa. Shi ya sa wasan da rediyo ko talabijin ba su naɗa ba yakan tafi da masu shi.

Masu bincike sun ceto wani ɓangare. A 1987 Ba'amurkiya Janet Beik ta wallafa Hausa Theatre in Niger da Ingilishi. Chaïbou Dan Inna kuma ya rubuta littafi da Faransanci kan Yazi Dogo, gwanin da ya yi suna a Damagaram.

Matashin Sae Sabuwa ko Gidan Runji da bai ji waɗannan harsuna ba, littattafan sun fi ƙarfinsa. Aiki biyu ke jira: a fassara su zuwa Hausa, a kuma naɗi bakin tsofaffin ƴan samariya tun suna raye.