"Da Ma Muna Da Shi": Jirgin Ƙasa da Abubuwan da Maƙwabta Ke Sha'awa a Ƙasashen Juna

Gabatarwa

A ƙasar Hausa, idan mutum ya dawo daga tafiya mai nisa, ba ya rasa masu zuwa yi masa barka da sauka. Bayan an gaisa, an tambayi hanya da mutanen can, sai ya shiga ba da labarin abin da idonsa ya gane masa. Alhaji ya faɗi yadda jirgin ƙasa ya kai shi Madina daga Makka, tafiyar kilomita 450, cikin abin da bai kai awa uku ba. Ɗan kasuwa ya faɗi yadda ya yi mako guda a wani birni ba a ɗauke wuta ko sau ɗaya ba. Ba a jimawa sai wani daga cikin masu sauraro ya nisa ya ce, "Da ma muna da irinsa a nan." Wannan takarda za ta duba ginin wannan jimla, sannan ta bi sawun abin da aka fi faɗinta a kansa a tsakanin Nijar da Nijeriya, wato jirgin ƙasa.

"Da ma" iri biyu

Ɗalibi zai lura cewa rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Saboda haka kalmomi biyu masu ma'ana daban sukan fito da kama ɗaya a kan takarda. A duba waɗannan misalai:

(1) Da ma muna da jirgi!
(2) Da ma muna da jirgi, lalacewa ya yi.

A jimla ta (1), "da" tana da dogon wasali da sautin ƙasa, kuma mai magana yana bayyana buri ne, yana son abin da babu. A jimla ta (2), "da" tana da sauti mai faɗuwa, ita ce "da" ta "zamanin da", kuma ma'anar ita ce tun can akwai abin. Ana iya musanya ta farko da "ina ma" ko "ina ma a ce", amma ba a iya yi wa ta biyu haka. Ta farkon ce kuma ke zuwa tagwaye idan ana maganar abin da bai faru ba da sakamakon da ya kamata ya biyo shi:

(3) Da jirgi ya iso Maraɗi, da albasa ba ta ruɓe a hanya ba.

Akwai bambancin da Bahaushe ke kiyayewa a nan. Mai cewa "da ma" sha'awa yake yi, yana son ya sami irin na wani ba tare da na wanin ya ragu ba. Mai hassada kuwa so yake na wanin ya salwanta, ko da shi bai samu ba. Don haka ba abin kunya ba ne mutum ya faɗi jimla ta (1) a gaban baƙo, yabo ne ma ga ƙasar baƙon.

Misalan nan ba a kawo su haka kawai ba. Jimla ta (1) ita ce ta mutumin Maraɗi ko Damagaram. Jimla ta (2) kuwa ta mutumin Ƙaurar Namoda ce ko Nguru, waɗanda kakanninsu suka san kukan jirgi, jikoki kuwa sai dai su nuna tsohuwar tasha.

Yadda dogo ya tsaya a bakin ƙofa

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ƴan kasuwa a 1912. Turawan Ingila auduga suka sa rai za a riƙa lodawa, sai manoma suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, suka raja'a a kanta. Daga baya aka fitar da rassa biyu zuwa arewa, ɗaya ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, ɗaya ya kai Nguru a 1930. Duka biyun ba su da nisa sosai da iyakar ƙasar da Faransa ke mulka, amma ba wanda ya tsallaka. Gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram sai ta riƙa gangarowa a kan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci, har ta kai inda jirgi yake, ya wuce da ita Ikko.

Faransa ma ta shimfiɗa nata layuka, sai dai duk daga bakin teku suka taso, kuma numfashinsu ya ƙare kafin su iso. Wanda ya tashi daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936, bayan kilomita 438. Wanda ya tashi daga Abijan ya kai Bobo-Julaso a 1934, ya kai Wagadugu a 1954. Abin ban dariya da ban takaici shi ne sunan da aka ba wannan layi na biyu, "Abijan-Nijar", alhali bai taɓa taka ƙasar Nijar ba. Dalilin a fili yake. Ba don jin daɗin matafiya Turawa suka gina dogo ba, sai don kwashe amfanin gona da ma'adinai zuwa tashar jirgin ruwa, kuma a lissafinsu kayan da za a samo daga Nijar ba za su mayar da kuɗin shimfiɗa ƙarfe na ɗaruruwan kilomita ba.

Da suka ga gyaɗarsu na bi ta hannun Ingila, sai a 1953 suka ɓullo da wani shiri da suka kira Hirondelle, wato tsattsewa. Manyan motoci su ɗauko kayan Turai daga tashar Paraku su kawo Nijar, su koma ɗauke da gyaɗa, don kada mota ta yi tafiya fayau. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahome da Nijar mai kula da dogon, wadda daga baya aka san ta da OCBN. Ke nan Nijar ta shekara hamsin da ɗoriya tana da hannu a kamfanin jirgin ƙasa, ba tare da taku ɗaya na dogo a cikin ƙasarta ba.

Ba don ƙawa ake son jirgin ba. Nijar ba ta da teku, kuma daga Yamai zuwa Kwatano ya haura kilomita 1,000. Shinkafa da siminti da magani, duk a bayan mota suke zuwa, kuma kuɗin mai, da na taya, da na kowane shinge da aka tsaya, a kan mai saye suke ƙarewa. Albasar Galmi, wadda ake nema har Akara da Abijan, kwanaki take yi a cikin buhu a bayan tirela, in an sami tsaiko a kan iyaka sai a zubar da wani kaso. Manyan motocin kuma su ne ke farfasa kwalta. Tarago ɗaya yana ɗaukar abin da ya kai lodin tirela ko ya fi, kan jirgi ɗaya kuma yana jan taragu da dama. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, sai kowa ya ga tsadar hanya a farashin kwanon shinkafa.

Darasin Yamai zuwa Doso

A watan Afrilun 2014 aka yi bikin buɗe tashar jirgin ƙasa a Yamai, a zamanin Shugaba Mahamadou Issoufou. Kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa dogo na kilomita 143 zuwa Doso, aka ƙaddamar da shi a Janairun 2016. Niyyar ita ce layin ya gangara Gaya, ya tsallaka kogi, ya haɗu da na Paraku. Sai rikicin shari'a ya taso a Benin a kan wanda ke da haƙƙin gina ɓangaren can, aiki ya tsaya. Tsakanin Doso da Paraku aka bar giɓi na fiye da kilomita 400, layin kuma bai shiga jigilar kasuwanci ba.

A nan ne ya kamata ɗalibi ya sake duba abin da mai cewa "da ma muna da jirgi" yake nufi. An kawo ƙarfe, an gina tasha, har an ga taragu, amma burin bai cika ba, domin ba ƙarfen ake buri ba. Abin da ake so shi ne buhun siminti ya hau a bakin teku, kada ya sauka sai Yamai. Dogon da ya tashi daga Yamai ya ƙare a Doso ba shi da kayan ɗauka, mai zuwa Doso kuma motar haya ta ishe shi. Matafiyi yakan ga jirgi yana wucewa a ƙasar wasu, amma ba ya ganin yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasashen da layin ya ratsa, ko ma'aikatan da ke bin dogo kullum suna ɗaure kusoshi, ko bashin da ake biya. Waɗannan kuwa ba a sayo su a kwantena.

Masu kawo misali da Habasha suna da hujja, domin ita ma ta rasa bakin teku tun da Eritiriya ta ɓalle a 1993. Ta gina layi mai aiki da lantarki na kusan kilomita 750 daga Adis Ababa zuwa Jibuti, aka ƙaddamar da shi a 2016, ya fara jigila a 2018. Sai dai layin Habasha ya tashi daga babban birni ya dire a tashar jirgin ruwa, kuma ƙasar na da mutane fiye da miliyan 100 da za su cika shi da kaya. Duk da haka bashin Sin ya yi mata nauyi, har a 2018 aka tsawaita wa'adin biya daga shekara 10 zuwa 30.

Su ma masu jirgin suna cewa "da ma"

A Nijeriya tsohon layin ya yi ta lalacewa tun daga shekarun 1980, har jirgin Kano zuwa Ikko ya daina tafiya, sai a ƙarshen 2012 aka dawo da shi bayan gyara. An buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, mutane suka yi ta tururuwa saboda tsoron hanyar mota, sai ga shi a ranar 28 ga Maris 2022 an kai masa hari, an kashe fasinjoji, an sace wasu. Don haka ɗan Nijeriyan da ya dawo daga aikin hajji shi ma jimla ta (1) yake faɗi game da jirgin Haramaini da aka buɗe a 2018, ko wanda Maroko ta buɗe a shekarar tsakanin Tanja da Kasabalanka.

Wani lokacin ma sha'awar juyawa take yi ta fuskanci arewa. An daɗe ana jin mutanen Katsina da Sakkwato suna yaba tsayuwar wutar lantarki a garuruwan Nijar, alhali kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar daga Nijeriya ake sayo ta. Da Nijeriya ta yanke layin a Agustan 2023, ba ta mayar ba sai Maris 2024, sai hira a Yamai ta koma kan madatsar ruwa irin ta Kainji, da kuma ta Kandaji da aka aza harsashinta tun 2008. Haka abin yake ga man fetur. Shekara da shekaru ƴan ruwa-ruwa suna cin abinci da arhar man Nijeriya, har aka janye tallafinsa a ranar 29 ga Mayun 2023, arhar ta kau. Kuɗi ma haka: a 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya, a 2024 kuwa jika ɗaya ta sefa ta haura naira 2,000. Abin da ake yi wa "da ma" a bana, ba lalle ne shi za a yi wa baɗi ba.

Kano zuwa Maraɗi

A Fabrairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal aikin. An tsara ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya kafin ya shiga Nijar. A kudancin Nijeriya an sami masu sukar aikin, suna cewa me ya sa za a ci bashi a kai dogo ƙasar wasu. Masu kare shi suka amsa cewa ɗan guntu ne kawai ke cikin Nijar, kuma manufar ita ce kayan Nijar su riƙa bi ta tashoshin ruwan Ikko maimakon Kwatano da Lome. Wato hanyar da gyaɗa ta bi a shekarun 1930 ake son farfaɗowa. Wannan layi ya fi na Doso madafa, tun da ya nufi babbar kasuwa, amma shi ma amfaninsa ga mai shigo da kaya ya rataya ne a kan kammala sabon layin da zai haɗa Kano da bakin teku.

Saura batu ɗaya da ba a cika jin sa a majalisa ba, wato faɗin dogo. Tsohon layin da Ingila ta bari yana da tazarar milimita 1,067 tsakanin ƙarafansa biyu. Na Faransa, har da na Yamai zuwa Doso da ya bi sawunsu, milimita 1,000 ne. Sababbin layukan Nijeriya, ciki har da na Maraɗi, milimita 1,435 ne. Taragon da aka ƙera don ɗaya ba ya hawa ɗayan. Ko da an cike giɓin fiye da kilomita 500 da ke tsakanin Maraɗi da Doso, sai an sake shimfiɗa ɗaya daga cikin layukan, ko kuwa a riƙa sauke kaya daga wannan jirgi ana lodawa a wancan a inda suka haɗu.