Awa 15,000 a Jikin Kwali: Yadda Ake Auna Rayuwar Ƙwan Lantarki

Idan mai karatu ya duba kwalin ƙwan lantarki irin na LED, zai ga an rubuta cewa zai yi awa 15,000 ko fiye. Amma a ɗakunan kwananmu na ɗalibai, wani lokaci kafin zangon karatu ya ƙare ƙwan ya mutu. Shin ƙarya masana'anta ta yi? Ba lallai ba ne. Wannan lamba daga ilimin ƙididdiga ta fito, kuma ba alkawari ba ce a kan ƙwan da ke hannunka.

A zamanin tsohon ƙwai mai zare a ciki, akan ɗebi samfuri, a ce guda 100, a kunna su tare. Lokacin da rabinsu suka mutu shi ake rubutawa a kwali, galibi awa 1,000. Ke nan 50 daga cikinsu ba su wuce wannan lokaci ba. Shi kuwa LED dusashewa yake yi a hankali, don haka ana lissafa lokacin da haskensa zai ragu zuwa kashi 70 cikin 100. To, awa 15,000 kwana 625 ne cur, kuma babu ɗan kasuwar da zai zauna jira. Sai a gwada na tsawon awa 6,000 ko sama, a cikin zafi iri-iri, sannan a yi hasashen sauran da lissafi.

Fitaccen lissafi a wannan fage shi ne na Waloddi Weibull, injiniya ɗan ƙasar Suwidin, wanda maƙalarsa ta 1951 ta yaɗa shi. A cikinsa akwai wata lamba da ke nuna irin mutuwar da kaya ke yi. Idan ba ta kai 1 ba, kayan suna mutuwa ne tun suna sababbi saboda kuskuren ƙira. Idan 1 ce, lalacewar ba ta da alaƙa da daɗewa, tsautsayi ne kawai. Idan ta haura 1, tsufa ne. In an zana ukun a jere sai su ba da siffar bahon wanka. A ganina matakin farko ne ya fi shafar aljihunmu, domin shi garanti ya fi karewa, ga mu kuma ba mu cika ajiye rasit ba.

Sai dai a lura, a ɗakin gwaji wuta ba ta rawa. A nan kuwa ana ɗaukewa ana kawowa, ga janareta, ga zafi. Sau da yawa ba ƙwayar hasken ce ke mutuwa ba, 'yar na'urar da ke daidaita wuta a gindin ƙwan ce ke ƙonewa.